Mubaraka da Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Dogon Dutsi da safe da yunwa a cikinsa, da wuya a ce bai ci shinkafa da waken Mubaraka ba. Rumfarta tana hannun hagu in ka fito, manyan tukwane biyu da benci mai ƙafa uku, dutse ne ya tsaya a madadin ta huɗun. Tabarmata tana kusa da ita, inda nake sayar da igiya da faifai. Kawunta ne ni, ƙanen mahaifiyarta, shi ya sa na san maganar nan tun daga tushenta.

Ɗiya bakwai ta haifa. Mijinta Issa yana noma da damina, in an gama girbi ya tafi Kwatano ci rani, sai kuma ruwa ya kusa. Wata bakwai a shekara ita ce uwa, ita ce uba. Kafin assalatu ta hura wuta. Ta dafa, ta yi wa ƴan lakkwal, masu zuwa makarantar boko, wanka, ta nemo takalmin da ya ɓace, ta goya autar, ta iso tasha kafin motar farko. Da azahar ta koma ta ɗora na gida. Da la'asar ta bi layin famfo, ta sayo itace, ta tsince waken gobe. In ka gaishe ta tana tafiya take amsawa, rabin amsar daga bayanta za ka ji.

Na farinta shi ne Is'haƙa. Tana da shekara goma sha bakwai ta haife shi, a ɗakin mahaifiyarta Zalika, can Sukukutane. Aka sa masa sunan mahaifin Issa. Sai abin ya zama kunya biyu a kan mutum ɗaya. Ga shi ɗan fari, wanda uwa a wurinmu ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Ga kuma sunan suruki, wanda ko wani can daban ke ɗauke da shi ba ta iya furta shi. Da aka yaye shi ni na kai shi wurin kakarsa a motar kasuwa, yana kuka har muka wuce Matankari. Ranar Mubaraka ba ta raka mu ko bakin ƙofa ba, daka take yi, kuma matan gidan duka sun yaba mata.

Can ya girma. Kakarsa yake ce wa Inna, uwarsa kuwa Yaya Baraka, yadda ya ji ƙannenta na kiranta. Yana da shekara goma sha takwas Zalika ta rasu, sai ya dawo Dogon Dutsi, aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure, ya fara kabu-kabu. Gida ɗaya suke kwana, amma in za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”, ko “mai babur”. Tsokar da ta fi kyau a tukunya cikin kwanonsa take ƙarewa, sai dai ba hannunta ke miƙawa ba. Ruƙayya, wadda ke bi masa, ita ake aike: “Kai ma wancan.” Babu wanda ya ga aibi. Haka muka taso, haka iyayenmu suka yi.

Shekara uku ana haka. Sai wata Laraba, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, ya yi karo da amalanke a kan kwalta, ƙafarsa ta karye, kansa ya fashe. Aka zo tasha aka faɗa. Mubaraka ta bar tukunya a kan wuta ta ruga, ba takalmi, ni ina bin ta a baya da sandata. Muka same shi kwance a likita, wato asibiti, jini ya rufe masa rabin fuska, idonsa a rufe. Wata ma'aikaciya, baƙuwa ce a garin, ta ɗauko karne, littafin marasa lafiya, za ta rubuta, ta dubi Mubaraka ta ce, “Ke ce uwarsa?”

Ɗakin cike yake. Ga ƴan kabu-kabu, ga mai amalanken, ga wasu tsofaffi daga unguwarsu. Mubaraka ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaron gidanmu ne.”

“Na ce ke ce mahaifiyarsa? Mine ne sunansa?”

Ta juyo ta dube ni. Ni na faɗi sunan, ni na ce ita ce. Ma'aikaciyar ta rubuta tana girgiza kai. Mu duka mun ɗauka a sume yake.

Kwana tara ya yi can. Kwana taran nan Mubaraka ba ta buɗe rumfa ba, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar da ta yi ɓari. Ta shimfiɗa tabarma bayan tagar ɗakin da yake, a waje, tana dafa masa romo a murhun gawayi, Ruƙayya na shigar masa. In ruwa ya sauko ta raɓe jikin bango. Ba ta shiga ta zauna bakin gadonsa ba ko sau ɗaya. Da aka sallame shi sai aka lura ya canza. Gaisuwa yana yi, amma daga zaure, a tsaye. Kwanon da ake kai masa sai ya dawo da tsokar a ciki. Ruƙayya ce ta faɗa wa uwarta abin da ya ce mata, wai ranar ba suma ya yi ba, duk ya ji.

Ana nan watan Muharram ya kama, tsakiyar noman farko. Mubaraka tana zuwa islamiyyar matan aure ranar Asabar da yamma, wurin wata Malama Shamsiyya, matar wani matashin ɗan kasuwa. A makare take zuwa, da goyo, tana warin hayaƙi, kuma ita da bakinta ta ce mini rabin karatun a gyangyaɗi yake wuce ta. Wannan Asabar ɗin malamar ta ce musu sabuwar shekara ba salla ba ce, ba biki ba ne, amma ba laifi mutum ya duba kansa. Ta ce kowace mace ta zaɓi niyya ɗaya tak, kada ta ɗebo goma ta kasa ɗaukar ko ɗaya, ta riƙe ta har shekara ta zagayo.

Mata suka fara faɗi. Wata ta ce azumin Litinin da Alhamis. Wata ta ce za ta haddace izu guda. Wata mai ƙosai ta ce ita bana ta bar gulma, sai aji ya ɗauki dariya, aka ce mata, “Ke? Sai dai in tela za a kira ya ɗinke bakin.” Da aka zo kan Mubaraka ta ce tana dai tunani.

Washegari, bayan motocin safe sun wuce, ta zo ta tsuguna gefen tabarmata tana goge hannu da zane.

“Kawu, na ɗauki tawa.”

“Taki mi?”

Ta ba ni labarin ajin. Sannan ta ce, “Kahin shekarag ga ta ƙare, sai na kira wancan da sunanshi. Gaba da gaba. In ce mishi ni na haihe shi.”

Na ce, “To ai ga shi nan gida. Yau ma rana ce.”

Ta ce, “Kai dai kada ka hwaɗa mishi. In ya ji daga bakinka, ya zama naka.”

Na yi mata alkawari.

Gwajin farko da safe ne, bayan ƙafar ta warke, yana wanke babur a ƙofar gida. Ta aje kwandon da ke kanta ta je ta tsaya kusa da shi. Ya ɗago yana jira. Ta ce ta ji sunan ya taso har maƙogwaro, sai kuma ta ji bakinta yana cewa, “Babur ɗin ga yana shan mai ƙwarai?” Ya ce, “Da dama dai, Yaya Baraka.” Kafin ta sake haɗa numfashi aka ƙwala mata kira daga ciki, autar ta tsoma hannu a kunu mai zafi.

Da ta ba ni labarin mun yi dariya, ni da ita. Lokacin shekara na da sauran wata goma sha ɗaya.

Daga nan damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara uku a jere. Yana sakin su sai girbi. Gonarsu tana hanyar Matankari, sai ta tashi rumfa da hantsi ta tafi ɗibar wake, ta dawo da magariba ƙafa duk ƙaya. Can a gona ta gwada faɗa wa mijinta. Issa yana ɗaure damin hatsi, ko juyowa bai yi ba.

“Mi ya same ki? Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, kuma ga shi nan da tumbi kamar randa. Wagga makaranta taku tana ƙara muku aiki.”

Bayan kwana goma ya ɗauki jakarsa ya tafi Kwatano.

Da sanyi ya shigo ta ce mu gwada a rumfa, in ba kowa. Ni in faɗa, ita ta bi. Na ce, “Is'haƙa.” Ta buɗe baki ta ce, “Is…” sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na sake. Ta sake tsayawa wuri ɗaya. Ta ce, “Wallahi Kawu kamar tsohon yana tsaye bayana da carbinshi.” Surukinta take nufi, wanda ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta yi dariya cikin mayafin, dariyar ta daɗe, sai na gane ba dariya ba ce kuma. Wani direba ya iso yana cewa, “Hajiya mai wake, yau yajin aiki ake?” Ta miƙe ta share ido da bayan hannu ta ɗauki ludayi.

Ba wai ta manta ba ne. Kullum abin yana ranta. Sai dai rana ba ta da wurin da za a sa shi. Shi yana fita tana gaban murhu, yana dawowa tana kan wanki ko tana raba faɗan yara. Maganar kuma ba irin wadda ake jefawa ana tafiya ba ce, tana son mutum ya tsaya, ita kuwa ba ta da tsayuwa.

Da azumi ta sa rai. Ta ce ai wurin buɗa baki kowa na zaune. Ta riƙa dama masa kunu daban, da tsamiya yadda kakarsa ke yi. Shi kuwa ya koma shan ruwa a masallaci da abokansa, daga can su wuce asham. Kwanon yana nan rufe da faifai a bakin ɗakinsa har ya huce.

A cikin azumin ne na ga ba zan iya shiru gaba ɗaya ba. Ya kawo fasinja tasha, na yafuto shi. Tsakanina da shi akwai wasan kaka da jika.

“Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba? Mu muna jiran gadon igiya.”

“Sai na ɗaure ka da ita tukuna, ɗan banza. Zamna.”

Ya zauna kan babur ɗinsa. Na bi da shi ta nesa. Na ce masa al'ada ce, ba ƙiyayya ba ce. Na tuna masa kwana taran nan na bayan taga.

Wasan ya bar fuskarsa. Ya ce, “Na sani, Kaka. Ruƙayya ta hwaɗa mini, har ruwan da ya dake ta. Kuma na san al'ada, ba Faransa aka haihe ni ba. Abokina Naziru shi ma ɗan hwari ne, uwatai ba ta kiran sunanshi, ba ya damuwa. Ni ma da ban damu ba.” Ya murza makullin babur ɗin. “Amma rannan ni na ɗauka mutuwa nike. Ina kwance ina jin jini na shiga mini kunne, na ji muryarta, na ce to alhamdu lillahi, ta zo. Sau biyu aka tambaye ta, Kaka. Sau biyu.”

Maganar niyyarta tana kan harshena. Na tuna alkawari, na haɗiye. Na ce masa ya yi haƙuri, komai da lokacinsa. Ya ce, “To,” ya tada babur.

Bayan ƙaramar salla muka ji ya sayar da babur ɗin. Shi da wasu samari uku za su tafi wurin haƙar zinariya, can arewa bayan Agadas. Issa ya dawo, ya yi faɗa kwana biyu, ya gaji ya sa albarka. Aka tsayar da Juma'a ta farko bayan Babbar Salla. Mubaraka ta ƙirga da yatsu a gabana, saura mako biyu da ƴan kwanaki shekara ta cika.

Juma'a ranar kasuwa ce, ranar da rumfarta ta fi cika. Motar Agadas kuma tana tsaye ba nisa, ana ɗaura kaya. Ta soya masa naman layya ta cika gwangwani, ta ɗaure bakin da tsumma. Ina kallonta tana zuba abinci tana satar kallon motar. Mutane sun yi layi, wannan na cewa a ƙara mai, wancan na cewa ba a sa masa yaji ba. Da ta ga ya sa ƙafa a matakala sai ta saki ludayi cikin tukunya ta ɗauki gwangwanin. Ana kiranta, “Mai wake! Mai wake!” ba ta juya ba.

Ta isa bayansa ta ce, “Kai.”

Ya juyo. Ya sauko da ƙafar.

Ta miƙa masa gwangwanin hannu da hannu. Ya karɓa. Daga inda nake ina ganin leɓenta na motsi. Shi kuma bai koma motar ba. Ya tsaya, gwangwani a ƙirji, yana dubanta. Wallahi jira yake yi, ban san ko ya san abin da yake jira ba. Abokan tafiyarsa sun leƙo ta taga, ƴan tasha da suka san su sun tsaya kallo, ga Issa can gefe da maza.

Ta ce, “Allah shi kiyaye hanya.”

Ya ce, “Amin, Yaya Baraka.”

Aka buga jikin mota, ya shiga. Ta dawo rumfa ta ɗauki ludayi. Na farkon da ta zuba wa, wake zalla ta cika masa kwano, ba shinkafa, har ya ce, “Hajiya, lahiya?”

Kwana uku bayan haka ya kira Ruƙayya daga Agadas ya ce sun sauka lafiya, za su wuce. Daga nan shiru.

Saura kwana biyu wata ya mutu, da la'asar, bayan an wanke tukwane, Mubaraka ta sa Ruƙayya ta zo da salula bayan rumfa. Yarinyar ta nuna mata yadda ake aika murya, a danna wuri ɗaya a riƙe a yi magana, bokal suke ce masa. Na tashi zan ba su wuri, ta ce, “A'a Kawu, zamna. Ina son shaida.” Ta sa Ruƙayya ta danna, ita kuma ta juya mana baya. Ta kama bangon rumfar da hannu ɗaya. An daɗe ba abin da ke shiga salular sai kukan motoci.

Sannan ta ce, “Is'haƙa.”

Muryar ta fito siririya kamar ba tata ba. Ta sake, da ƙarfi kaɗan. “Is'haƙa. Ni ce. Uwarka ce. Ni na haihe ka, ranar Talata, cikin ɗakin Inna, ana ruwa. Rannan a likita ban kyauta ba.” Ta tsaya. “Ka riƙa cin abinci.”

Ruƙayya ta saki yatsa tana kuka. Mubaraka ta sulale ta zauna a ƙasa, zufa ta jiƙa mata riga kamar wadda ta yi daka.

Yarinyar ta duba ta ce alama ɗaya ce ta fito jikin saƙon. Wai sai ta zama biyu sannan ya isa gare shi. Ta ce can ba rezo, waya ba ta kamawa, sai in sun shigo gari. Muka ce to a jira.

Sabuwar shekara ta kama. A aji Malama Shamsiyya ta tambayi kowa inda ta kwana da niyyarta. Mai ƙosai ta ce ita kwana huɗu ta yi, aka sha dariya. Mubaraka ta jira aka watse, ta faɗa wa malamar komai. Malamar ta ce mata Allah yana duba zuciya, ta riga ta samu ladanta tun ranar da ta ƙudurta. Da take maimaita mini, sai ta ce, “Na gode mata. Amma Kawu, ni ba lada nike nema ba. So nike ya ji.”

Kowace safiya, tsakanin sauke tukunyar farko da ɗora ta biyu, sai ta ce wa Ruƙayya, “Duba mini.” Yarinyar ta duba ta ce, “Ɗaya ce, Inna.” Haka aka yi noma, aka yi girbi.

Makon jiya wani mutumin Kore Mairuwa ya sauka tashar nan, daga arewa ya fito, ya rame ya yi baƙi. Yana cin abinci a bencinta aka gano ya san su. Ya ce ya ga Is'haƙa wata biyu da suka wuce, yana lafiya, yana aiki a rami. Ruƙayya ta tambaye shi abin da ya hana shi kunna salula. Mutumin ya ce, “Wace salula? Ai tun Agadas ya sayar da ita, da layin da komai, don ya samu wuri a motar da ke shiga daji.”

Mubaraka tana tsaye da ludayi. Ta tambaye shi ko a ƙara masa mai, ya ce a ƙara, ta ƙara.

Da mutane suka ragu ta zo ta tsuguna gefen tabarmata. Ta daɗe tana tsintar zaren igiya da ya zube.

“Wato bai ji ba.”

“Bai ji ba.”

“Kuma in ya dawo sai na sake. Ido da ido, ba salula.” Ta dube ni. “Kawu, kana ganin bakin ga zai iya sau biyu?”

Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai. Motar Konni ta shigo tana huci, fasinjoji suka fara sauka, ta dafa gwiwa ta miƙe.